Shagon haɗa wa matafiya kayan miya a Kasuwar Wunti

Wata uku da tafiyar ƙanina Ingila karatu, ya kira ni a bidiyo na ga duk ya rame. Disamba ce, rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ga sanyi, shi kuma kullum burodi da taliya. Ya ce, "Yaya, ko a mafarki miyar kuka nake gani." Ranar ban yi barci ba.

Maƙwabciyata ce ta kai ni shagon wata Hajiya a Kasuwar Wunti da ke Bauchi. Kukarta kore shar, an tankaɗe ta lukui, busasshiyar kuɓewar ba tsakuwa ko ɗaya. Ta haɗa da yaji da tsamiya, kowanne a ledarsa, ta rubuta sunansa da Turanci saboda masu bincike a filin jirgi.

Abin da ya fi burge ni, na ce ta sa kilishi da man shanu, ta ce, "Ƙanwata, Ingila ba sa barin a shiga da nama da kayan madara, ƙwacewa za su yi." Ciniki ta bari don ta gaya mini gaskiya.

Kuɗinta da ɗan tsada, kuma daddawar leda ɗaya ta yi mata, warin ya kama kayan wanda ya kai saƙon. In za ku saya, ku ce ta ninka ledar.