Hasashen NiMet ko manhajar waya: wanne za a bi wajen shuka?

Malam, ka tambaya ko hasashen damina na NiMet, hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, za ka bi wajen shuka, ko kuwa abin da manhajar yanayi ta wayarka take nunawa. Ai kowanne da aikinsa.

Na NiMet a farkon shekara yake fitowa, tun ƙasa na bushe ƙamas. Yana faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta kankama a kowace jiha, lokacin ɗaukewarta, yawan ruwan, da wuraren da ruwa zai iya tsayawa na kwanaki bayan an yi shuka. Masanan suna duba ɗumi da sanyin tekun Fasifik, wato El Nino da La Nina, su kuma lura da Atlantika, domin daga can iska mai danshi take tasowa ta kudu maso yamma, ta yi ta tura busasshiyar iskar Sahara arewa har Agusta, lokacin marka. Babban amfaninsa zaɓen iri ne. In an ce damina za ta yi gajarta a Katsina ko Yobe, sai ka nemi gero da wake masu saurin nuna. Amma fa bai san gonarka ba, yanki yake kallo. Cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai ma tana fitar da na yankin Sahel gab da damina, kuma ina ganin ya kamata manoman bakin iyaka su riƙa duba shi.

Ita manhaja, yawanci daga lissafin manyan kwamfutocin Amurka da Turai take ɗauko bayani. Na kwana biyu ko uku ana iya sauraronta, wanda ya wuce mako kuwa kusan canki-canka ne. Hadarinmu kan haɗu ne daga gabas cikin 'yan sa'o'i, a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a unguwar Fagge ta Kano, a Hotoro ko ɗigo babu. In manhajar ta rubuta yiwuwar ruwa kashi 60 cikin ɗari, ba alkawari ta yi maka ba.

Ni dai da na NiMet nake sayen iri, da manhaja nake tsayar da ranar zuba taki, feshi ko shanya. Ranar shuka kuwa, ɗauki fartanya ka tona ka ga inda laima ta kai. In ruwan fari ya riga lokacin da aka faɗa da makonni, ka riƙe irinka tukuna, ko ka shuka ɓangare ɗaya ka bar saura.