Merton ko Bloor: Wanne Za a Ɗora Binciken Digiri a Kai?

Malam, ka tambaya ra'in wa za ka bi a bincikenka na sashen nazarin zamantakewa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na Merton ko na Bloor. Abin ya danganta da me kake son dubawa: masana kimiyya su kansu, ko ilimin da suke fitarwa.

Robert Merton, Ba'amurke, masanan ya sa wa ido. A 1942 ya kawo ƙa'idoji huɗu da kimiyya ke tafiya a kansu: sakamakon bincike na kowa ne, hujja ake dubawa ba mai maganar ba, a aje son rai, kuma kada a karɓi sakamako sai an ƙwanƙwance shi. A 1968 ya nuna cewa yabo yakan bi wanda ya riga ya yi suna, ko da ƙaramin ne ya sha wahalar aikin. Wannan ana iya auna shi nan Sakkwato. Ɗauki sashe ɗaya, tara maƙalun shekara biyar, duba sunan wa ke zuwa farko, wa ake ambata, wa ke samun tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu. Kada ka raba takarda kana tambayar malamai ko suna bin ƙa'ida, kowa zai ce e. Maƙalun su ne shaidarka.

David Bloor na Jami'ar Edinbura, a 1976, ilimin kansa ya tunkara. Ya ce ma'aunin da ka bayyana dalilin yarda da kuskure, shi za ka bayyana dalilin yarda da gaskiya. Ɗauki ƙin rigakafin shan inna na 2003 a Arewa. Cewa jahilci ne bai wadatar ba. Sai ka bi sawun amana: daga bakin wa uba ya ji labari, wa ma'aikacin lafiya ya yarda da shi, me ya sauya da Sarkin Musulmi da sauran sarakuna suka sa baki. Nan ɗalibai ke yawan zamewa, su ɗauka Bloor yana nufin rigakafin da jita-jitar da aka yaɗa a kansa duk ɗaya ne. Sam. Rigakafin ya yi aiki, a 2020 aka tabbatar ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka.

Hanyar Bloor tana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike, doguwar hira da mutum ashirin zuwa talatin, da mace mai shiga gidaje, don namiji iyakarsa zaure. Idan zango ɗaya ya rage maka, Merton za ka ɗauka.