Gidan kallon bakin kasuwarmu da rigimar kwatabak ɗin Michigan

Wasu sun dame ni a waya wai in faɗa musu gaskiya kan gidan kallon nan na bakin kasuwar ƙauyenmu, gefen Ringim, ko ya cancanci mutum ya hau mashin ya zo. To ni dai shekara biyu kenan ina zuwa, kuma abin da ya riƙe ni ba Firimiya ba ce, ko'ina ana nuna Firimiya, abin da ya riƙe ni ran Asabar in an watse mai gidan yana haɗa wayarsa da talabijin ya sa mana ƙwallon jami'o'in Amurka, irin wadda ake sa hular kwano ana jifa da hannu. Ƙaninsa da ya yi karatu a Dutse ne ya koya mana dokar, gwaji huɗu ka ci yadi 10, in ka kai ƙarshen fili maki 6. Yanzu mun kai mu tara kuma yawancinmu ƙungiyar jami'ar Michigan muke yi.

Wajen kansa ba laifi wallahi. Sola ce da batir, ba hayaƙin janareta ba ƙara, fanka biyu, naira 200 kuɗin shiga, ga mai shayi a ƙofa. Benci ne dai ba shi da majingina kuma wasan nan sai ya ci awa uku da wani abu, baya yana jin jiki. Babbar matsalar netwok ce, da hadari ya haɗo hoto sai ya tsaya cak, akwai ranar da ƙwallo tana sama ta daskare mana, kafin ya dawo har an sauya masu wasa. Rannan mai gidan ya fita da wayar ya ɗaure ta a reshen darbejiya da roba, ya dawo yana ba mu haƙuri ɗaya bayan ɗaya, bai karɓi kuɗin kowa ba. Wannan abin ya sa nake ganin girmansa.

Amma hirar wajen ita ce ainihin abin da kake biya. Mun ɗauki kofi a Janairun 2024 ba a ci mu ko sau ɗaya ba, sai mai jefa mana ƙwallo J.J. McCarthy ya tafi ƙungiyar Minnesota, koci Harbaugh ma ya tafi, daga nan muka shiga uku kan kwatabak, wato mai jefa ƙwallon da duk wasa ke hannunsa. Mutum uku aka gwada a 2024. Davis Warren ya jefa wa abokan karawarmu 'yan Arkansas State ƙwallo uku a hannu aka zaunar da shi. Alex Orji akwai gudu akwai ƙarfi amma jifa babu, ranar wasa da jami'ar USC yadi 32 kacal ya jefa, da gudu aka ci wasan. Jack Tuttle kuma buguwar kai ta sa ya ajiye wasa gaba ɗaya. Wani dattijo mai sayar da taki kullum cewa yake "Malam, garma ba sa ai ƙarfe ne kawai", ni kuma ina kare Warren, yaron da ya yi fama da sankarar jini ya tashi ya dawo fili bai kamata a yi masa ihu haka ba. Kuma da shi aka je har gidan Ohio State aka ci su 13 da 10, daren nan sai da mai gidan ya roƙe mu mu rage murya saboda ana sallar isha a masallacin baya.

An gama kakar 2024 da ci 8 faɗuwa 5. Da za a shiga kakar 2025 kowa ya sa rai kan sabon kwatabak Bryce Underwood, ni ma na sa, amma a lokacin yaro ne da ya fito daga sakandare kuma zai tsaya gaban mutum sama da dubu 100, na ce a ba shi lokaci, in masu tsaron baya suka riƙe kamar 2024 za mu fi 2024.

In za ka zo ka taho da darduma ko ɗan filo, ka tambaya tun da rana wane wasa ne, na yamma wajen biyar ko shida yake farawa, na dare kuwa sai bayan sha biyu kuma mai gidan ba ya buɗewa sai mutum biyar sun yi alƙawari.