Gogewa ɗaya bayan ɗaya ko fomate: amsar tambayar Hajiya kan tabilet ɗin jikoki

Hajiya, barka da yamma, ya jikoki? Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: Hajiya ta saya wa jikokinta tabilet ta hannu a babbar kasuwa saboda karatun Alƙur'ani, mai Android, giga 32. Yanzu ta cika da wasanni da manhajojin da ba wanda ya san daga ina suka fito, talla na faɗowa ana tsakar sauraron karatu, forfe kuma ba ya kwana. Wani ya ce ta bi su ta goge ɗaya bayan ɗaya, mai gyara ya ce a kawo ya yi fomate, wato ya share komai ta koma kamar sabuwa, kowa ya huta. Wanne ya fi?

Ni dai, Hajiya, ki fara da gogewa. Fomate na aiki, amma kowace hanya da irin dattin da take iya fitarwa, kuma fomate na da wani tarko da ya fi kama masu kayan hannu irin naki.

Manhajojin nan da kike gani ba uwarsu ɗaya ba. Akwai waɗanda mutum ya sa da hannunsa: tsohon mai ita, ko yaran sun ɗauko a Play Store, ko abokinsu ya turo musu ta Xender a ƙofar gida. Akwai kuma waɗanda kamfani ya dasa tun daga masana'anta, suna zaune a wani ɓangare na memori da ba a ba mai saye ikon taɓawa ba. Na farkon baƙi ne, ana iya sallamar su. Na biyun ƴan gida ne, sai dai a sa su barci.

In da hannu za ki yi, kada ki tsaya ga tambarin da ke kan gilashi, don masu ɓarnar ba sa nuna fuska a nan. Ki shiga Paramètres, ki nemi Applications, ki buɗe jerin gaba ɗaya. Duk wadda kika taɓa, in baƙuwa ce za ki ga Désinstaller, ko Uninstall in tabilet ɗin ta shigo ta Jibiya da Turancinta. Kina dannawa ta tafi ke nan, da ita da kayanta, wurin da ta ci ya dawo miki. In ta kamfani ce ba za ki ga wannan ba, Désactiver za ki gani, wato kashewa. Tun Android 4.0 na 2011 aka sa wannan maɓalli. Wadda aka kashe tana ɓacewa daga gilashi, ta daina aiki a ɓoye, ta daina shan batir da mega, ta daina sabunta kanta. Sai dai gangar jikinta na nan, don haka kada ki yi mamaki in kin kashe guda biyar amma wurin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Daɗin abin, in kika kashe wadda ba ta kamata ba, kina komawa ki tashe ta, ba asara. Abin da za ki kiyaye kawai: duk mai ɗauke da sunan Google Play, ko Système, ko allon rubutu, ki bar shi yadda kika same shi.

Fomate ita ba ta tambayar suna. Tana share duk ɓangaren mai amfani a lokaci guda, baƙin manhajoji su tafi cikin ƴan mintoci, abin da da hannu zai ci miki yamma guda. Amma tare da su hotunan suna da na biki za su tafi, da haddar da yara suka naɗa da muryarsu, da saƙonnin WhatsApp in ba a ajiye su a Google Drive ba. Karatun da aka sauke ma haka, kuma izu sittin na makaranci ɗaya na iya haura giga guda, sai an sake sayen forfe an jira rezo. Ga abin da masu gyara ba sa cika faɗa: na kamfani ba inda suke zuwa. Fomate na mayar da tabilet yadda ta fito daga kwali ne, su kuma a cikin kwalin suka zo. Har waɗanda aka riga aka kashe sai su farka, su hau neman sabuntawa da megar da kika saya. Wanda damuwarsa manhajojin kamfani ce, ya yi fomate, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Tarkon kuwa ga shi. Tun Android 5.1 na 2015, Google ta sa wani makulli saboda ɓarayi: in aka yi fomate ta hanyar danna maɓallan gefe alhali akwai asusun Google a ciki, tabilet na kunnuwa sai ta ce a kawo adireshi da kalmar sirrin asusun nan, in ba haka ba ba ta wucewa. Maƙwabcinmu a unguwar Zariya haka ta same shi bara. Ya sayi tasa a hannun wani ɗan kasuwa, ta yi nauyi, ya kai aka yi fomate ba a duba ba. Ta tsaya a shafi guda tana tambayar asusun mutumin da shi bai taɓa gani ba, wanda ya sayar masa ma bai san shi ba. Ya yi ta yawo da ita a leda daga wannan rumfa zuwa waccan, kuɗin buɗewa ya kusa kai rabin kuɗin saye. Don haka ko da wace hanya kika zaɓa, Hajiya, ki fara shiga Comptes cikin Paramètres ki ga asusun wa ke ciki. In na tsohon mai ita ne, a cire shi tukuna, a sa naki ko na babansu. Kuma in fomate ta zama dole, a yi ta daga cikin Paramètres, a zare katin memori kafin nan, batir kuma ya zama da caji sosai, kada a fara ta da ɗan guntun caji ana jiran Nigelec.

Maganar talla ita ce ta fi buƙatar natsuwa, don a nan ne mutane ke gaggawar fomate. Watan da ya wuce ƙanwata ta kawo mini ta ɗanta, talla na rufe gilashi ko ba a buɗe komai ba. Na zauna bayan la'asar na danne maɓallin kashewa, da rubutun kashewa ya fito na ɗora yatsa a kansa na riƙe, ta tambaye ni ko ta tashi a Mode sécurisé, na ce e. A yanayin nan na kamfani kaɗai ke aiki, baƙi duk an ɗaure su. Tallar ta tsaya cak, na san ke nan mai laifin baƙo ne. Na bi jerin har ƙasa, can ƙarshe na ga wani layi da ba suna, tambarinsa fari fat kamar ba komai a wurin. Na taɓa, maɓallin gogewa ya yi toka, ba ya dannuwa. Ashe ya ba kansa matsayin mai kula da na'ura. Na shiga Sécurité, wurin manhajojin da ke da ikon gudanarwa, na cire masa alamar, na dawo ya gogu kamar kowa. Duka bai kai lokacin shan shayi na biyu ba, hoto ko ɗaya bai ɓata ba.

Wata tallar ma ba manhaja ba ce. Yaro ya shiga wani shafi a Chrome, an tambaye shi izinin turo sanarwa, ya danna e don ya wuce. Wannan a cikin saitin Chrome ake toshe ta, wurin sanarwar shafuka. Kuma don Allah kada wani ya sa miki manhajar da ake cewa tana wanke waya ko tana ƙara mata gudu. Da yawansu su ne masu kawo tallar. A 2020 Google ta kori manhajoji kusan 600 daga Play Store saboda talla mai damun mutane, har da na kamfanin da ya yi Clean Master, wadda a lokacin kusan kowace waya a garin nan akwai ta. Play Protect da ke cikin Play Store ya wadatar, ki buɗe ki sa ya bincika.

Inda fomate ta fi, gaskiya, shi ne in tabilet ɗin cike take da tarkacen tsohon mai ita, hotunansa da asusunsa da abubuwan da ba ki son idon yara ya kai, ku kuma ba ku tara komai a ciki ba tukuna. Nan sharewa gaba ɗaya ta fi tsabta da kwanciyar hankali. Haka in kin goge iya gogewa tallar na dawowa. In kuwa an yi fomate ta sake dawowa, ko tana fitowa har a Mode sécurisé, to cutar a jini take. Yana faruwa da wasu masu araha: Google da kanta ta bayyana a 2019 cewa an samu wata muguwar manhaja mai suna Triada da aka cusa a wasu na'urori tun kafin su bar masana'anta. Irin wannan gogewa ba ta kai gare ta, fomate ma haka, sai a sake zuba mata tsarin Android da kwamfuta, ko a mayar wa mai kaya.

Kowace kika bi, in ba a rufe ƙofa ba sati biyu ya isa yaran su sake cika ta. Ki sa kod na iyaye a cikin Play Store, ki cire Xender ko ki hana ta ikon sa manhaja, in babansu na da hali ya haɗa ta da Family Link a wayarsa, sai ya yarda kafin a sauke wasa.

Yanzu dai ki sa babban jikan ya ɗauki hoton jerin Applications da wata waya, daga sama har ƙasa, ya turo nan in nuna miki na gogewa da na kashewa da na bari. In zai ɗauki shafin Comptes, ya rufe adireshin da yatsa kafin ya ɗauka, mu da yawa ne a zauren nan.