Fender Rumble 100: yadda maɓallan sauya amo suke idan kiɗa ya haɗu

Na yi watanni ina kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin amo, da wannan amfilifaya, na'urar ƙara sauti ta Fender Rumble 100, a ɗakin atisaye, a majami'a cikin Sabon Gari, a zauren biki, da kuma ƙarƙashin rumfa a fili. Hukuncina gajere ne: kaya ne mai kyau, amma maɓallan dannawa uku da ke samanta, Bright da Contour da Vintage, za su yi ta ruɗa mutum har sai ya gane cewa ba kalar amo kaɗai suke canzawa ba, har da yadda kunne ke jin ƙarfinsa a tsakiyar sauran kayan kiɗa.

Jikinta ba abin dogon bayani ba ne. Wat 100 ce, lasifika ɗaya mai inci 12, nauyinta wajen kilo 10, ka ɗauke ta da hannu ɗaya ka jefa a adaidaita sahu. Maɓallan murɗawa suna sama, masu ruwan hauren giwa: Gain a farko, mai daidaita ƙarfin sautin da ke shigowa daga jita, sai Drive da Level na amo mai gurnani, sai guda huɗu na daidaita amo, wato Bass, Low-Mid, High-Mid da Treble, sai Master a ƙarshe. A baya akwai mafitar XLR, wato ramin wayar da ke zuwa miksa, na'urar da ke haɗa sautin dukkan kayan kiɗa, da ramin abin saƙalawa a kunne, wanda ke kashe lasifika idan an soka shi.

Kafin ka taɓa maɓallan nan uku, tsayar da guda huɗun daidai tsakiya, inda hannun agogo ke nuna ƙarfe 12. A nan ba su ƙara komai ba, ba su rage ba. Ka buɗe ƙarar jitarka duka, ka ɗaga Gain zuwa wajen ƙarfe 11 ko 12, sannan ka nemi ƙarar da kake so da Master. Idan jitarka mai batir ce, irin mai cin batir na bolt 9, sautin da take turowa ya fi ƙarfi, sai ka sauke Gain zuwa ƙarfe 9 ko 10. Wanda ya tsallake wannan mataki duk abin da ya danna daga baya a kan karkataccen tushe yake gini.

Contour ne ya fi kowa yaudara, don haka a kansa zan fi daɗewa. Aikinsa shi ne ya kwashe tsakiyar sauti, wajen Hz 670 (Hz ma'aunin kaurin sauti ne ko sirantakarsa: ƙaramar lamba mai kauri, babba siriri), ya rage ta da desibel 13 (desibel ma'aunin ƙara ne), ya ɗan taɓa ƙasa da sama. Idan kai kaɗai ne a ɗaki ka danna shi, sai ka ji amo ya yi laushi, ya yi faɗi, kamar an share masa ƙura. A shago ma da shi mai sayarwa zai gwada maka. Amma bari mai ganguna ya shigo, mai fiyano ya ɗora hannunsa na hagu, sai ka neme ka ka rasa. Kana jin ƙasa tana girgiza, riga tana motsi a ƙirjinka, amma ba wanda zai iya cewa ga gaɓar da kake dannawa a wuyan jita. Dalili kuwa shi ne cikin tsirkiyoyi huɗu na jitar bes, tsirkiyar E a sake tana kaɗawa ne a Hz 41, A a 55, D a 73, G a 98, kuma kunnen mutum ba ya rarrabe waɗannan ƙananan sautuka da kyau. Abin da yake kamawa ya gane waƙa su ne 'ya'yan sautin da ke hawa a kansu, daga wajen 200 zuwa sama da 1,000. Contour kuwa daidai nan yake sa wuƙa.

Abin da yawancin makaɗa ke yi idan sun ɓace shi ne su ƙara Bass, ko su ƙara Master. Duka biyun ƙara wa Borno dawaki ne. Kowane ƙarin desibel 3 yana neman ninkin wutar da amfilifaya ke fitarwa, ƙarin 6 kuma ninki huɗu. Wat 100 ba ta da wannan rara. Sai na'urar da ke hana sauti wuce iyaka ta fara matse shi, ka ga kana dukan tsirkiya da ƙarfi amma ƙarar ba ta ƙaruwa, lasifikar kuma tana wani irin fat-fat kamar tuta a iska. Maganin shi ne ka saki Contour, ka kai Low-Mid ƙarfe 1, High-Mid ƙarfe 1 ko 2, Bass kuma ka mayar da shi ƙarfe 11. Kai kaɗai za ka ji amon kamar ɗan hanci-hanci, ba daɗi. Cikin kiɗa shi ne wanda na bayan zaure zai ji.

Wannan ya fi damun mu a Kano saboda yadda aka saba kiɗa. Yawancin waƙoƙin da ake yi a situdiyoyin Zoo Road da fiyano ake haɗa su, har da bes ɗin, don haka hannun hagu na mai fiyano ya saba zama a ƙasan sauti ba tare da abokin tarayya ba. Ranar da aka haɗa shi da mai jitar bes, su biyun suna rububin waje ɗaya. Babu maɓallin da zai raba wannan gardama. Ko dai mai fiyano ya ɗaga hannunsa sama kaɗan, ko a rage masa ƙasa a miksa. In kuwa akwai kalangu a ciki, lura da Low-Mid, wanda ke aiki wajen Hz 280: idan ka wuce ƙarfe 2 sai amon ya yi duhu ya fara rufe maganar kalangun.

Inda Contour ke da rana shi ne bugun babban yatsa da fizgar tsirkiya, domin wannan salon yana fitar da tsakiya mai kaushi, kuma ragin yana gyara shi. Haka idan kiɗan ba cunkoso, murya ce da jita ɗaya. Ko a nan ɗin, idan ka danna shi ka ɗan ɗaga Master, idan ka sake shi ka mayar, in ba haka ba ƙarar za ta yi tsalle a fuskar jama'a.

Bright yana ƙara sama can wajen Hz 10,000. Wannan samfurin ba shi da ƙaramar lasifika ta siririn sauti, wadda Rumble 200 da 500 suke da ita, don haka a cikin ɗaki canjin ba ya da yawa: ɗan kaifi a bakin sauti, ɗan ƙarar yatsa a kan tsirkiya. Amma a miksa labarin daban ne, kuma zan dawo kansa. Idan tsirkiyoyinka sun mutu da gumi da ƙura, Bright ba zai tashe su ba, sai dai ya ƙara maka shuuu. Abin da babu shi ba a ƙara shi. Goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa ya fi wannan maɓalli amfani.

Vintage shi ne na fi so, kuma shi ne na fi bari a danne. Yana rufe sama daga wajen Hz 400 a hankali, yana kuma ɗan matse sauti yadda bugu mai ƙarfi da mai taushi za su kusanci juna. Amon ya zama dunƙulalle, mai ɗumi, irin na rege da tsohon hailaif. Ka kaɗa kusa da wuyan jita da naman yatsa, ka ji yadda yake zama daram a ƙarƙashin ganga. Abin lura biyu ne. Na farko, Gain ne ke ƙayyade yawan matsewar: a ƙarfe 10 kaɗan ce, a ƙarfe 2 sai ka ji sautin ya kwanta ya rasa bugu. Na biyu, kada ka haɗa shi da Contour a wuri mai amsa-kuwwa. Ɗaya ya cire tsakiya, ɗaya ya rufe sama, me ya rage? Ƙugi kawai. A zauren biki mai tayil a ƙasa da gilashi a bango, wannan haɗin yana mayar da bes kamar tirela tana wucewa a bayan gini.

Ɗakin ma wani maɓalli ne, ko da yake ba a jikin amfilifaya yake ba. Tsayin igiyar sautin Hz 41 ya haura mita 8, shi ya sa a ƙaramin ɗaki za ka tarar wata gaɓa tana ƙara fiye da kima, ta kusa da ita kuma kamar ba ka taɓa ta ba. Idan ka jingina amfilifayar a kusurwa, bango biyu da ƙasa duk suna ƙara mata kauri. Janyo ta kamar taku biyu daga bango, ko ka ɗora ta a kujera ta fuskanci kunnenka. Da yawa masu cewa ba sa jin kansu, gwiwoyinsu ne ke sauraron lasifikar. A fili ƙarƙashin rumfa kuwa ba bangon da zai taimake ka, ƙasan sautin sai ya zube. A nan ne za ka iya kai Bass ƙarfe 1, amma kada ka yi tsammanin inci 12 guda ɗaya za ta cika filin ɗaurin aure. Tura sautin zuwa miksa, ka bar wannan ta zama taka ta saurare.

To, batun miksa. Duk abin da ka murɗa ko ka danna a sama yana bin wayar XLR ya tafi wurin injiniyan sauti. Ka danna Bright a tsakiyar waƙa, kai ka ji ɗan canji, amma manyan lasifikun zaure, waɗanda ke da ƙananan lasifikun siririn sauti, za su fitar da ƙyas-ƙyas ɗin kowane motsin yatsanka. Ka danna Contour, injiniyan kuma ya ga ka nutse, ya ɗaga ka, ka saki maɓallin, ka fashe wa mutane kunne. Saboda haka a lokacin gwajin sauti ku tsayar da saiti ɗaya, in za ka canza a wata waƙa ka gwada masa tun kafin jama'a su zo.

Wannan ne ya kawo mu ga ainihin tambayar: yaya ake sauya amo ana tsakiyar kiɗa? Abin takawa da ƙafa na wannan amfilifaya, wanda daban ake sayensa, amo mai gurnani kaɗai yake kunnawa da kashewa. Sauran ukun sai ka juya ka danna da hannu, wato tsakanin waƙa da waƙa. Amma akwai dabara. Sauke Drive ƙasa sosai, wajen ƙarfe 8 ko 9, yadda gurnanin ba zai fito fili ba, sannan ka daidaita Level har ya ɗara amonka na yau da kullum da kaɗan. Yanzu kana da amo biyu a ƙarƙashin ƙafa: na rakiya, da na lokacin da amshi ya tashi kana so ka fito. Ka daidaita su ana kiɗa, ba kai kaɗai ba, kuma ka tuna idan ka taɓa Gain dole ka sake duba Level, don Gain yana shiga cikin gurnanin.

Sauran sauyin a hannunka yake. Kusa da gadar da ke riƙe tsirkiya amo siriri ne mai cizo, kusa da wuya mai kauri ne. Danne tsirkiya da gefen tafin hannu ka kaɗa da babban yatsa, ka samu rabin abin da Vintage ke bayarwa ba ka juya baya ba. Maɓallin amo na jikin jitar ma yana nan kusa da ɗan yatsanka. Mai jita irin Jazz Bass ya san cewa idan ya rage fikof ɗaya, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jita, ya bar ɗaya, amon zai canza sosai, amma zuuu na wuta zai shigo, domin sai an buɗe su biyun daidai suke kashe wa juna shi.

Wannan zuuu ɗin ya cancanci magana. Wutar Najeriya bolt 230 ce a Hz 50, gaɓa ta uku a tsirkiyar E kuwa, wato G, tana kan Hz 49. Idan akwai zuuu a layin, duk lokacin da ka riƙe wannan G za ka ji sautin yana lilo, wuu-wuu, sai ka ɗauka jitar ce ta saki. Ba ita ba ce. Yawanci wayar jona wuta ce mai jijiya biyu, babu ta ƙasa, ko kuma amfilifaya da miksa suna kan soket daban-daban. Jona su a layi ɗaya, sannan ka gwada maɓallin Ground Lift da ke kusa da mafitar XLR. Kada ka yarda wani ya karya maka ƙafa ta uku ta fulogi, ita ce ke tsare ka daga jan wuta ta tsirkiya. Idan za a koma janareta, mayar da Master sifili ka kashe, sai injin ya daidaita ka kunna. Mai sayen ta hannu kuma ya juya bayanta ya karanta: wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 take ci, in ka soka ta kai tsaye ta tafi ke nan.

Da hunturu ƙura tana shiga kowace amfilifaya, komai sunanta. Alamar ita ce ƙarar ƙwar-ƙwar idan kana murɗa maɓalli, ko sauti ya ɗauke ya dawo. Cire ta daga wuta, a fesa maganin wanke mahaɗin lantarki, ba man inji ba, a murɗa maɓallin daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin. In sautin na yankewa ba dalili, ɗauki gajeriyar waya ka haɗa ramin Send da na Return a baya, wato ramukan da ake jona na'urorin sauya amo na waje. Idan ya daidaita, dattin yana cikin waɗannan ramuka ne, ba a lasifika ba. A ɗinka mata riga wajen tela, sannan a manna farin tef a gefen maɓallan a ja layi da biro daidai inda kowanne yake tsayawa, domin daga gida zuwa wurin biki a cikin adaidaita sahu, da wuya ka tarar da su inda ka bar su.