Kafin Ka Sayi Littafin Turanci Don Jarrabawar Shiga Digiri Na Biyu

Duk wanda ya ƙudiri niyyar neman gurbin digiri na biyu ko na uku a jami'ar da ke buƙatar sakamakon GRE (jarrabawar neman gurbin karatun gaba da digirin farko) ko IELTS (jarrabawar gwada iya Turanci), tambayar da yake fara yi mini ita ce wane littafi zai saya. Ba na ɓoye amsata. Ka sayi littafin tambayoyi na asali, wanda masu shirya jarrabawar suka fitar da hannunsu. Sauran kayan da ke kasuwa, wasu 'yan rakiya ne masu amfani, wasu kuwa asarar kuɗi ce da ta lokaci, kuma asarar lokacin ta fi zafi.

Sai dai kafin ka fitar da ko kwabo, ka san fasalin jarrabawar da za ka zauna, domin da shi za ka auna kowane littafi. A sashen karatu na IELTS na masu neman jami'a, dogayen matani uku ake ba ka, da tambayoyi 40, cikin minti 60, kuma ba a ƙara maka ko minti ɗaya don kwafe amsa. GRE kuwa, wadda hukumar ETS ta Amurka ke shiryawa, an rage tsawonta a watan Satumbar 2023, yanzu ba ta cika awa biyu ba. Ɓangaren Turancinta kashi biyu ne, tambayoyi 27 a minti 41, maki daga 130 zuwa 170, kuma wahalar kashi na biyu ta dogara da yadda ka yi a na farko. Tun 2011 aka cire tambayoyin kishiyar kalma da na kwatanta dangantakar kalmomi biyu. Yanzu a cikin jimla ake gwada sanin kalma: ko ka cike gurbi, ko ka zaɓi kalmomi biyu daga cikin shida waɗanda za su ba jimlar ma'ana ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya fitar da rabin littattafan da za a miƙo maka daga lissafi.

Abin da ya sa na tsaya kai da fata a kan littattafan asali shi ne amsoshin da ba daidai ba. Kowa zai iya ɗauko matani ya ƙaga tambaya. Gwanintar tana wajen ƙera amsa ta kuskure wadda za ta ja hankalin mai karatu da sauri, kuma ta kasance kuskure ne tsantsa idan aka natsu. Masu shirya jarrabawa suna gwada tambayoyinsu kafin su saka su a lissafin maki. Masu kwaikwayo ba su da wannan dama, shi ya sa tambayarsu ko ta yi sauƙi fiye da kima, ko ta zo da amsa biyu da za a iya karewa.

Ɗauki misalin tambayoyin IELTS da ake ce ka faɗa ko magana gaskiya ce, ko ƙarya ce, ko ba a ambace ta ba. Matanin ya ce yawancin manoman wani yanki sun koma noman rani. Tambayar ta ce manoman sun koma ne saboda ƙarancin ruwan sama. Hankalinka zai ce gaskiya ne, don dalilin ya yi daidai da tunani. Amma matanin bai kawo dalili ba, saboda haka amsar ita ce ba a ambata ba. Wannan siririn layi tsakanin abin da marubuci ya faɗa da abin da kai ka ƙara daga kanka, a littafin asali kaɗai na ga ana kiyaye shi daga tambaya ta farko har ta ƙarshe. Haka ma a GRE. Ranar da na ci karo da kalmar "qualify" a wata tambaya, na ɗauke ta da ma'anar cancanta kamar yadda na saba, na faɗi tambayar. Ashe a rubutun ilimi, idan an ce marubuciya ta yi wa da'awarta haka, ana nufin ta sassauta ta, ta sa mata iyaka. Kalma ce da na shekara goma ina gani, kuma babu jerin kalmomi masu wuya da zai sa ta a ciki, don ba ta da kamar mai wuya. Irin waɗannan su ne ke cinye maki.

Ga mai IELTS, jerin littattafan Cambridge masu lamba su ne abin nema, kowane da cikakkun jarrabawa huɗu. Ka ɗauki biyu ko uku na baya-bayan nan, kuma ka tabbata na masu neman jami'a ne, don akwai na gama-gari da ake yi domin aiki ko ƙaura. Ga mai GRE, akwai babban jagoran ETS da kuma wani littafinsu na daban da ya keɓanta da tambayoyin Turanci, sannan a shafinsu akwai gwajin POWERPREP da ake yi kyauta a kwamfuta, mai kama da ranar jarrabawa. Ka ajiye cikakken gwaji ɗaya kada ka taɓa shi sai makon ƙarshe.

Aibinsu, kuma ba zan ɓoye ba, su ne ƙarewa da wuri da kuma gajarta bayani. Littattafan Cambridge sau da yawa amsa kawai suke ba ka, su bar ka da neman dalili. Don haka ba a yi musu cin gaggawa. Yadda nake yi shi ne matani ɗaya sau uku. Karon farko da agogo a gabana, minti 20, ba ƙamus. Karo na biyu ba agogo, in bi jimla-jimla, kowace tambaya in ja layi a ƙarƙashin inda amsarta ta fito. Idan na kasa nuna wurin da yatsa, to ko na ci tambayar sa'a ce, ina lissafa ta cikin waɗanda na faɗi. Karo na uku bayan kwana biyu ko uku, in tsinci kalmomin da suka tsayar da ni, in rubuta kowace tare da jimlar da ta zo a ciki. Matani ɗaya yakan ci mini awa biyu a haka, amma abin da na koya a cikinsa yana zama.

Waɗannan kalmomi da na tsinta su nake zubawa a Anki, kuma ita ce abu na biyu da zan ce ka mallaka. Manhaja ce ta katin tuni, kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake biya. Aikinta ya ginu a kan abin da Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885, cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, sannan ta lafa. Manhajar takan dawo maka da kati daf da lokacin da zai suɓuce, idan ka tuna ta ƙara tazara, idan ka manta ta matso da shi. Ka haɗa katinka da kanka. Tarin katin da wasu suka haɗa suka saka a intanet yana da sauƙin saukewa, amma kalma ce tsirara da fassara ɗaya, wani lokaci ma fassarar kuskure.

Littafin jerin kalmomi mai kauri, wanda ke farawa daga A ya nufi Z, shi na fara saya, kuma wata uku na ba shi na rayuwata. Ina hadda da asuba, ina bita da dare. Da na zauna gwajin farko sai na tarar ina gane kalma amma jimlar ba ta buɗe mini, kuma lokaci ya ƙare ina tsakiyar matani na biyu. Masanin harshe Paul Nation ya ƙiyasta cewa mai karatu na buƙatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu kafin ya gane kashi 98 cikin ɗari na rubutun Turanci ba tare da taimako ba. Wannan adadi ba hadda ke kai mutum gare shi ba, yawan karatu ne. Jeri ɗaya na yarda da shi, wanda Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar a 2000, mai tushen kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun jami'a, kuma kyauta ake samunsa. Manhajojin wasa masu ba ka tauraro da kambi, na masu fara koyon harshe ne, ba su kai matakin nan ba. Ajin horarwa yana da amfani idan malamin da tambayoyin asali yake koyarwa, in ba haka ba ka riƙe kuɗinka. Ƙamus kuwa ka nemi na masu koyo, Turanci zuwa Turanci, irin na Oxford ko Longman, don misalan jimlolinsu, kuma duka biyun suna da shafin kyauta. Ka ƙara da maƙala ɗaya mai tsawo kullum daga mujallar kimiyya ko ta tattalin arziki, musamman a fannin da ba naka ba.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni, ɗan'uwa, domin a nan aka cuce ni. Ana saura wata biyu jarrabawata, wani a wani zauren sada zumunta ya tallata tarin tambayoyi da ya ce daga jarrabawar da aka yi kwanan nan aka kwaso su, kuma za su maimaitu. Na biya, ya turo. Mako uku ina aiki da su. Sai na lura ina faɗuwa a tambayoyin da nake da yaƙinin na ci, har na fara zargin fahimtata, na fara sauya yadda nake tunani don ya dace da amsoshinsa. Ranar da na ci karo da ɗaya daga cikin matanan a littafin asali, na tarar amsa huɗu cikin goma sha uku sun saɓa. Kuɗin bai dame ni ba kamar yadda na shafe kwanaki ina warware kuskuren da na koya wa kaina, ga kuma shakkar da ta shiga zuciyata a lokacin da na fi buƙatar natsuwa. Da na koma neman mutumin, lambar ta daina shiga.

Jabun littafi ma iri-iri ne. Akwai wanda aka sake bugawa a ɓoye, shafuka sun ɓace ko shafin amsa na wani bugu ne daban. Akwai wanda aka sauya wa bango aka manna sabuwar shekara, cikinsa kuwa tsohon zubi. Ba a cinikin biri a sama, ka buɗe ka duba. Idan littafin GRE ne ka ga tambayar kishiyar kalma, ajiye shi, ya girmi 2011. Idan cikakken gwajinsa ya ba ka tambayoyi 20 a kowane kashi na Turanci, na kafin 2023 ne. Tambayoyin za su yi maka amfani idan na asali ne, amma kada ka auna saurinka da shi. Ka ɗauki lambar ISBN da ke bayan littafin ka nema a shafin mawallafin, ka ga ko suna da shekara da hoton bango sun dace. Ka zaɓi matani ɗaya ka duba ko lambobin tambayoyinsa sun yi daidai da na shafin amsa. Minti biyar ne aikin.

Mafi muni su ne masu cewa za su samo maka takardar sakamako ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ko su ɗaga maka maki daga ciki saboda wai suna da mutum. Kowace takardar sakamakon IELTS tana da lambarta, kuma jami'o'i suna tantance ta kai tsaye a intanet. Sakamakon GRE kuwa ETS ce ke aika wa jami'a da kanta, ba ta hannunka yake bi ba. Takardar bogi a tantancewar farko take tonuwa, kuma wanda aka kama da maguɗi ana iya soke sakamakonsa a hana shi sake zama. Sannan waɗannan mutane abin da suke fara nema shi ne hoton fasfo ɗinka da ranar haihuwarka, wai don su yi maka rajista. Na san wadda ta tura, bayan ta ƙi biyan kashi na biyu suka koma yi mata barazanar kai sunanta jami'ar da take nema. Duk wanda ya nemi fasfonka a wajen shafin rajista na hukumar jarrabawar, ka toshe lambarsa kafin ya gama bayani.