Sikelin kicin da na saya saboda ɗan zomon autata

Kakar yara ce ta fara cewa zomon nan ba ya ci gaba. Na ce haba Inna, ga shi nan fari tas kamar curin auduga. Ta ce, "To ɗaga shi ki ji." Da na ɗaga, sai na ji kamar safar hannu na riƙe. Ashe gashi ne yake ta ruɗina. Ƙashin bayansa ya fito ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsuna kamar carbi, ƙashin ƙugun yana tsini, cikin kuma ya ɗan tasa. Wannan cikin ne ya sa muke ganin ƙoshi yake yi.

Autata ce mai zomon. An sayo mata shi a nan Zariya yana da mako shida, a faɗar mai sayarwa, wanda ya rantse cewa tsantsar New Zealand ne. Wannan irin idan ya girma yakan kai kilo 4 zuwa 5, amma yawancin na kasuwa ruwa biyu ne. Don haka kwatanta namu da hotunan zomayen Turai a intanet bai ƙara min komai ba sai damuwa. Abin da nake son sani shi ne, yau ya fi jiya nauyi ko bai fi ba? Shi ya sa na sayo ɗan sikelin kicin mai batir, irin wanda masu kek suke auna fulawa da shi.

Farin roba ne mara nauyi, batir biyu ƙanana yake ci, yana ɗaukar har kilo 10, kuma yana nuna giram ɗaya-ɗaya. Kafin na yarda da shi na ɗora masa ledar fiyawata mai 50cl, tunda rabin lita na ruwa giram 500 ne. Ya nuna 506. Na sauke na sake ɗorawa har sau uku, bai sauya magana ba. Na ce to, mun shirya.

Abin da ya fi burge ni shi ne maɓallin da aka rubuta Tare a jikinsa. Ki ɗora roba, ki danna, ya koma sifili, sannan ki sa zomon, sai ya ba ki nauyinsa shi kaɗai. Amma fa farantin ƙarami ne ƙwarai. Robar wanke-wanke ta rufe lambobin gaba ɗaya, sai da na durƙusa ina leƙe ta ƙasa, Inna tana daga tabarma tana dariya wai ta rayu har ta ga zamanin da ake kai zomo awo. Daga baya na gane robar fenti mai zurfi da ɗan gindi ta fi dacewa, da tsumma a ciki don kada ƙafarsa ta riƙa zamewa.

Aibinsa na biyu shi ne bai san abu mai rai ba. Zomo ya motsa kunne, lamba ta yi tsalle daga 600 zuwa 640. Kina jiran ya natsu, sikelin ya kashe kansa, sai ki faro daga farko. Dabarar da ta fishe ni ita ce jefa ganyen dankalin Hausa guda ɗaya cikin robar. Yana sunkuyawa ci, lambar ta tsaya. Kada kuma a ɗora shi kan tabarma ko katifa, sai kan shafaffen siminti, in ba haka ba ƙarya zai yi. Wata safiya auta ta shigo da gudu tana kuka, "Umma, ya koma 22!" Ashe maɓallin sauya ma'auni ta taɓa, ya bar giram ya koma awon Turawa.

Kullum da safe kafin a ba shi abinci muke awo, auta tana rubutawa a bayan littafin lissafinta. Ranar farko 618. Bayan kwana biyar, 611. Zomon da bai kai wata biyu ba kullum ƙaruwa ya kamata ya yi, ko da kaɗan ne. Wannan takardar na ɗauka na tafi asibitin dabbobi, da zomon a kwali da kashinsa na safiyar a leda.

Likitan ya duba takardar kafin ya duba zomon. Ya ce, "Hajiya, da kowa zai zo min da irin wannan, da aikina ya yi sauƙi." Ya buɗe bakin ya ga haƙora, domin na zomo ba sa daina tsiro, kuma idan suka karkace ci yakan gagara. Lafiyarsu lau. A kashin ne aka ga ƙwayoyin cutar koksidiya, wadda masu kaji suke kira koksi. Na ce ko kajin maƙwabta ne suka shafa masa? Ya ce a'a, ta zomo daban, ta kaji daban, kuma ta fi kama 'yan zomaye bayan yaye, musamman inda kashi ke haɗuwa da abinci. Ya ba mu magani, ya ce a share kejin kullum, tunda ƙwayoyin sai sun kwana ɗaya ko biyu a ƙasa kafin su iya kama dabba. Ya kuma ja kunnena kada in kuskura in ba shi amoksisilin na yara, don yana iya kashe zomo.

A nan ne kuma aka kama ni da laifi. Karas da kabeji da dusa muke tura masa, muna ganin gata ne. Likita ya ce busasshiyar ciyawa da harawa su ne tuwonsa, su kasance a gabansa dare da rana, da ɗan abincin zomo na buhu da ruwa mai tsabta. Karas kuwa alewa ce, a ba shi ɗan yanki jefi-jefi. Ya ce a ɗauke kejin daga jikin katangar da rana ke duka, saboda zafi yana rage wa zomo ci.

Sikelin bai gaya min ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ramar ma hannun Inna ne ya fara gano ta. Abin da ya yi min shi ne ya raba gardama a gida, ya kuma tura ni asibiti tun zomon yana ci yana tsalle. A kan wannan na ce kuɗina bai faɗi ba, kuma zan ce wa duk mai ɗan zomo ya saya, ya haɗa da roba mai zurfi da batir na ajiya, don idan batirin ya yi sanyi lambobin yawo suke yi.

Yau mako uku da gama magani, awon safiyar nan 985. Mun koma awo sau biyu a mako. Sauran kwanakin sikelin yana wurin Inna, wai tana so ta san ko mai kanti yana cika mata sukari.